Sarkin da Ya Sauka Gidan Hashimu

Malama Zuwaira na tsugune gaban amyarta, tana ɗaga sandunan sama ɗaya bayan ɗaya tana korar wani jan gwada da ya mai da wurin ɗakin kwanansa, sai wayarta ta yi ƙara daga kan turmi. Ta ƙyale ta. Ƙadangaren ya maƙale a kusurwa yana gyaɗa mata kai kamar mai gidan da aka tasa daga barci.

"Fita, marar kunya," ta ce, ta zungure shi da tsinken tsintsiya. "Ba don kai na ciro ƙofar ɗakin girkina ba."

Tun da ta ajiye alli, bayan ta kwashe ƙuruciyarta da rabin tsufanta tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, tsararrakinta suka kama abin da ya dace da tsofaffi: kiwon tumaki, zuwa suna, da gyara tarbiyyar surukai. Ita ta ce zuma za ta kiwata. Ba kuma da amyar ciyawa ba, irin wadda ake shafewa da kashin shanu a ɗora a kan ɗorawa, wadda sai an babbake masu gida kafin a sha abin da suka tara. Wata iri ta gani a wayar 'yarta: dogon akwati kamar komin shayar da dabbobi, faɗi a sama, tsuke a ƙasa, an jera sanduna a bakinsa sun zame masa murfi. Kowace sanda ƙudan zuma su rataya saƙa ɗaya a jikinta. In saƙa ta cika, ka ɗaga sandarta ka yanke ka mayar, ba wanda ya mutu.

Ta zana ta kai wa Isma'ila kafinta a bakin kasuwa. Isma'ila ya dubi zanen, ya tausaya wa tsohuwar da hannunta ya fara rawa har ba ta iya jan layi a miƙe, ya gyara mata. Ya ƙera akwati mai bango tsaye sak, ya shafe shi da fenti mai ƙyalli ciki da waje, har da wurin maƙala kwaɗo. Ta karɓa ta yi godiya, ta zuba tsofaffin zannuwa a ciki. Sa'an nan ta ari zarto da guduma, ta ciro tsohuwar ƙofar ɗakin girki, ta yi abinta da kanta.

Karkatar bangon ba rawar hannu ba ce. In bango ya miƙe, zuma manna masa saƙa suke yi, ranar ɗagawa komai ya yage. Sandunan ne suka fi ba ta wuya, don dole faɗinsu ya zo ɗaya, kamar yatsu biyu a haɗe. In ya gaza ko ya zarce, sai su yi saƙarsu a gicciye su ɗinke sandunan wuri guda. Ta tsaga tsakiyar kowace sanda ta tsiyaya narkakken kaki a ciki don ya nuna musu layi. Ta huda 'yan ƙofofi a gefe, ta goge cikin da ɗoɗɗoya har hannunta ya yi kore, ta tsoma ƙafafun a gwangwanayen baƙin mai saboda cinnaku, ta yi mata rufi da kwano da guntun zana.

Amya ta yi kyau. Abin da ya rage zuma ne kawai.

Damina ta zo ta wuce, dawa ta fitar da kai, amya ba ta ga kowa ba sai ƙadangaru da gizo-gizo. Unguwa kuwa ta san dalili. Wasu sun ce zuma ba sa shiga amyar da mace ta ƙera. Wasu sun ce ba sa shiga amyar da ke kusa da ƙasa. Wata maƙwabciya ta ce sai an turara ta da wani haɗi da ba a faɗin sunansa da rana. Duk cikin masu bayanin nan babu wanda ya taɓa leƙa cikin amya, amma wannan bai rage musu ko kaɗan daga tabbacinsu ba.

Wayar ta sake ƙara. Hajiya Barira ce, matar Alhaji Hashimu. Shi Hashimu taubashin Zuwaira ne, mahaifinta da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito. Tun suna yara al'ada ta ba su izinin zagin juna da ƙwace wa juna kaya, ta kuma hana kowannensu yin fushi. A cikin al'adun garin kaf, wannan kaɗai ce Zuwaira ba ta taɓa samun abin suka a jikinta ba.

"Salamu alaikum, Yaya Malama, an tashi lahiya?" Barira na haki. "Ya gida? Ya ƙafar taki?"

"Lahiya lau, Barira. Mi ya faru?"

"Ya yaran can Gusau? Ana jin labarinsu?"

"Barira, faɗi abin da ke bakinki."

"Zuma, Yaya! Sun sauka kan lemun gidanmu, curi guda kamar tulu! Alhaji ya aika a sawo fetur, yanzun ga za a sa musu wuta!"

Zuwaira ba ta tsaya rufe amya ba. Ta suri malafar da ta ɗinka wa guntun gidan sauro, ta yafa mayafi, ta fita. Ranar Talata ce, kasuwa ta tumbatsa har cikin lunguna, masu albasa daga Bakura sun baza buhuna, masu awaki daga Maradun suna jan igiya suna rantsuwa. Ta ratsa su da gwiwar hannu, ƙafar da ake yi mata jaje a kanta ta manta da ciwo.

A ƙofar gidan Hashimu ta tarar da maza sun cika zaure. An ɗaura tsumma a kan doguwar gora, ga galan a ajiye. Hashimu na tsaye a tsakiya yana ba da umarni, amma daga inda ya tsaya zai fi kowa saurin isa titi.

"Ga ta nan," ya ce da ya hango ta. "Uwar ƙadangaru. An faɗa miki 'yan hayarki sun ɓata hanya?"

"Matsa, bawana, in ga abin da ya hana ka shiga gidanka."

Ta wuce tsakar gida. Ga su nan a reshen lemun tsami kusa da rijiya, dunƙule guda, baƙi-baƙi mai ruwan zinariya, reshen har ya sunkuya. Suna motsi a hankali kamar abu mai numfashi. Irin wannan taron ne Zuwaira take kwana tana tashi da shi a rai tun kafin ruwan farko.

Ta koma zaure ta fara da gaskiya, don ita ce ta fi kusa da hannu. Ta ce waɗannan matafiya ne, sun baro tsohon gida da cikinsu cike da zuma, ba su da 'ya'ya ko rumbun da za su kare, saboda haka ba su da dalilin faɗa. Hutawa suke yi kafin 'yan leƙensu su samo musu rami. Mazan suka saurare ta da irin ladabin da ake yi wa tsohuwa, wato suka jira ta gama.

"Malama ta yi karatu," wani ya ce. "Amma zuma ba su yi ba."

Aka yi dariya. Ta juya ga Malam Khalil, limamin masallacin unguwa, ta tambaye shi hukuncin ƙona mai rai. Malam ya shafa gemu ya ce lalle ba a so, sam ba a so, sai dai in ana tsoron cutarwa, tsoron cutarwa kuwa ga shi nan a fili, amma dai Allah ne mafi sani. Wani ya buɗe murfin galan.

A nan ne idonta ya faɗa kan bangon zauren. Sabon farin fenti. Sababbin tabarmi. Hashimu da kansa cikin babbar riga mai aiki da hantsin ranar kasuwa. Mai unguwarsu ya rasu kafin azumi, uban ƙasa bai naɗa wani ba tukuna, kuma duk garin ya san mutum biyu ne suka daina barci a kan rawanin: Hashimu da Alhaji Ja'afaru mai injin casar shinkafa.

Zuwaira ta gyara mayafi kamar mai shirin tafiya.

"To, ƙona su," ta ce. "Gidanka ne. Ni dai Kaka Jidda na tuna, Allah ya jiƙanta."

"Mi ya kawo Kaka Jidda cikin zancen zuma?"

"Au, ka manta? Ai kai lokacin hancinka na yoyo. Ran da zuma sunka sauka gidan ƙanenta can Damaga, wata bai mutu ba anka naɗa shi. Ta ce sarki ke tsakiyar curin nan, su kuwa sauran fadawa ne. Sarki kuwa ba ya sauka gidan kowa sai inda ya ji ƙamshin rawani."

Kaka Jidda ba ta taɓa faɗin haka ba, ba ta ma da ƙane a Damaga. Ita kuwa Zuwaira ta yi shekaru tana dukan tebur tana gaya wa 'yan mata cewa abin da ake kira sarkin zuma mace ce, uwa ce mai ƙwai. Kalmar ta yi mata nauyi a harshe, amma ta fita.

Can wani dattijo da ke jingine da bango ya yi gyaran murya ya ce, ƙwarai, shi ma ya ji haka daga bakin mahaifinsa. Wani ya ce ai ba ji ba, shi da idonsa ya gani a Maradun. Na uku ya ƙara da cewa wanda ya kore su, rawanin gidan maƙwabcinsa yake komawa. Zuwaira na tsaye tana kallon maganar da ta haifa yanzun nan ta yi furfura a gabanta.

Hashimu ya dubi gorar da ke hannun wani magidanci kamar yau ya fara ganinta.

"Kai, wa ya ce ka ɗaura wanga tsumma? Kana da hankali? Fitar min da fetur daga gida!"

"Madalla," in ji Zuwaira. "Bari in kwashe su in kai gidana in adana maka su."

"Ki kai ina?"

"Gidana. Amya na can a shirye."

"Baƙo ya tsallake gidajen Mafara kaf, har da na Ja'afaru mai bene, ya sauka nawa, sa'an nan in miƙa miki shi ki kai wa ƙadangaru? Zuwaira, tsufa ya fara taɓa ki."

Mazan suka goyi bayansa da murya ɗaya, dattijon nan ma ya tuna cewa mahaifinsa ya yi gargaɗi a kan haka. Zuwaira ba ta da hanyar rushe ginin ba tare da ya faɗo mata a ka ba. Ta ce wa Hashimu, wannan karon da gaskiya, in aka bar su a reshe ba za su kai la'asar ba, za su tashi su tafi inda ba wanda zai sake ganinsu.

"Su tahi?" Hashimu ya dubi bangon da ya raba shi da hanyar gidan Ja'afaru. "To, kawo komin naki nan. A ba sarki masauki a gidana."

Ko ta kawo, ko ta rasa su gaba ɗaya. Ta kira mai kura daga bakin kasuwa, aka ɗauko amyar da ta ci mata fatar hannu, aka ratsa unguwa da ita mata na leƙe ta katanga, aka dire ta ƙarƙashin lemun Hashimu.

Ta kifa turmi ta hau, malafa a ka, ta tura bakin zanenta cikin safa. Ta cire sandunan tsakiya, ta daidaita bakin amyar da curin. Maza suna leƙowa daga ƙofar zaure, kai bisa kai. Barira ta kulle kanta da jikoki a ɗaki tana kallo ta tsagar taga. Zuwaira ta kama reshen da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta girgiza shi sau ɗaya da duk ƙarfinta. Curin ya faɗa ciki tim, kamar an yar da jiƙaƙƙen bargo. Tsakar gida ta cika da ƙugi. Kawunan da ke ƙofar zaure suka ɓace.

Ta sauko a hankali ta mayar da sanduna, tana ture masu yawo a baki da gashin kaza. Ta koma gefe ta jira. Ba a jima ba wasu suka jeru a bakin 'yan ƙofofin, gindi sama, suna kaɗa fukafukai, na sama kuma suka fara saukowa suna shiga a layi. Uwar tana ciki ke nan. Zuwaira ta ji idonta ya yi zafi a bayan gidan sauron, ta ce hayaƙin murhun Barira ne, ko da yake ba a hura wuta a gidan ba tun safe.

Kafin azahar labari ya gama kasuwa. Masu taya murna suka fara zuwa, wasu har da "ranka ya daɗe" a bakinsu. Hashimu ya shiga ɗaki ya sake wata rigar, ya yi wanka da turare mai ƙarfi irin na Makka, ya ce a ɗauke shi hoto kusa da baƙonsa.

"Kada ka matso da wanga turare," Zuwaira ta ce. "Ba su son shi."

"Hassada," ya ce wa jama'a. "Tun muna yara haka take."

Ya tsaya jikin amya, ya ɗora hannu a kan rufin, ya ware baki yana murmushi. Ɗaya ta zo ta zauna a leɓensa na sama. Abin da ya biyo baya bai shiga hoton ba, don mai ɗauka ya riga shi isa zaure.

"Sun yi mubaya'a!" dattijon nan ya ce. "Wallahi haka suke yi!"

Hashimu ya wuni a kan sabuwar tabarma yana karɓar gaisuwa da leɓe kamar an soya ƙosai an manna masa. Ba halin ya yi kuka da mubaya'a. Duk ƙudan da ya gifta, ko na kwata ne, sai ya sunkuyar da kai cikin riga. Da ya shiga kewaye ta tsakar gida, a guje ya wuce, dattijo mai neman rawani, riga a tattare. Wajen la'asar wani ya zo a kan babur ya ja shi gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya dawo ya zauna, bai ƙara cewa a kawo wa baƙi ruwa ba.

Zuwaira na cikin gida a kan kujerar tsugune, ta kasa tafiya. Barira ta fito da sanɗa, ta lulluɓe har ido, ta durƙusa kusa da ita.

"Yaya Malama, don girman Allah ki kwashe abinki. Ban ɗora tukunya ba. Ban ja ruwa ba. Jikoki sun yi fitsari a kwano. Ni sarautar da za ta hana ni zuwa rijiyata, a kai wa Ja'afaru."

"Mijinki ya hana."

"To bari ya tahi Maradun ran Jumma'a, sai ki zo ki ɗauka."

Zuwaira ta girgiza kai. Ta ce yau kaɗai ke gare su. Yau zuman baƙi ne, ba su san ko'ina ba. Gobe da hantsi za su fito su kewaye gidan, su haddace lemun da rijiya da katanga. Daga nan ko an kai amyar gidanta, da yake ba nisa, duk wadda ta fita kiwo nan za ta dawo, ta tarar ba gida, ta huce a kan wanda ta samu.

"A kaina ke nan," in ji Barira.

"Ko a kan Hashimu."

"A'a, shi yana da zaure." Barira ta saci kallon amyar. "Yaushe suke gama shiga?"

"In rana ta faɗi."

Suka dubi juna. In rana ta faɗi, duk namijin da ke unguwar yana masallaci.

Da ladan ya ɗaga murya, zaure ya watse. Zuwaira ta jira 'yan baya suka shige, ta cusa tsumma a ƙofofin, ta ɗaure sandunan da igiya don kada su zame. Tana tunanin yadda tsofaffi biyu za su ɗaga wannan kaya, sai ta ga baro a jingine bayan rijiya, an shimfiɗa masa tsohuwar katifar yara a ciki. Ta yaba wa hankalin Barira a ranta. Suka ciccibi amyar da nishi suka ɗora. Ƙofar baya, wadda Zuwaira ta san ta da ƙaton kwaɗo mai tsatsa, a buɗe take.

Suka bi lungu, Zuwaira na turawa, Barira na riƙe da gefe tana karanto duk addu'ar da ta iya, har da ta shiga kasuwa. Daga cikin katakon ƙugi ke tashi duk sanda taya ta hau dutse. Wata mata ta leƙo ta ce, "Hajiya, lahiya?" Barira ta ce, "Wanki ne," ba ta ko waiwaya ba.

Sai da suka dire amyar a wurinta, ƙafafu cikin gwangwanaye, Zuwaira ta sami numfashin magana.

"Kin yi dabara da katifar nan. Baron ma ko ƙara bai yi ba."

"Ni?" Barira ta sauke mayafi daga fuska. "Na ɗauka ke kika sa anka kawo. Alhaji na gani bayan la'asar shina ɗiga wa tayar man gyaɗa. Na ce mi za a yi da baro, ya ce in kula da abin da ya dame ni."

"Kwaɗon ƙofar baya fa?"

"Mabuɗin na aljihunsa tun ran da munka tare a gidan."

Zuwaira ta zauna a bakin turmi. Barira ta yi sallama da sauri ta koma ta lungu don ta riga maigida isa.

Zuwaira ta yi sallarta, ta zare tsumman daga ƙofofin amya. Tana naɗe darduma ta ji hayaniya na tahowa daga bakin titi, muryar Hashimu a sama da ta kowa, leɓen ya sa kalmomin na fita a kumbure.

"Ku shaida, jama'a! Malam, ka shaida! Ina masallaci ina gaida Ubangijina, anka shiga gidana anka sace min baƙo! Rawanina na kan hanya, matar ga ta tare shi!"

"Haƙuri, Alhaji," muryar Malam Khalil ce. "Taubashiyarka ce. Ba a kai ƙarar taubashi."

"Shi ya cece ta! Wallahi shi kaɗai ya cece ta! Ku tsaya nan, in shiga in faɗa mata abin da ke raina."

Ya yi sallama da ƙarfi, ya ratso zaure shi kaɗai. Da ya iso bakin tsakar gida ya tsaya cak, ya hango amyar a gindin katanga, ya ja da baya taki ɗaya. Ya rage murya har sai da ta matso.

"Ba za su dawo ba dai ko?"

"Man gyaɗa, Hashimu? A tayar baro?"

"Shi na samu." Ya taɓa leɓensa ya runtse ido. "Zuwaira, tambayarki nake. Sun san hanyar gidana?"

"Ba su sani ba. Amma ni na sani, in ka ƙara kirana uwar ƙadangaru."

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya waiwaya wajen zaure, ya ƙara matsowa.

"An ba Ja'afaru," ya ce. "Tun jiya anka gama magana, yau anka faɗa min. Jumma'a za a sanar. Na yi fenti, na sayi tabarmi, na wuni ana ce min ranka ya daɗe. Da wane ido zan fita ran Jumma'a? Wanda anka ƙi daban, wanda anka yi wa sata daban."

"Sai ni in zama ɓarauniya."

"Ai kin saba. Hulata ta sallar da munka yi a Bakura har yau ban gan ta ba."

"Ta yi wa kanka yawa."

"In sun yi zuma, kwalbar farko tawa ce."

"In sun yi zuma, ka zo ka ɗiba da hannunka. Ka sa turaren nan."

Ya yi wani sauti da zai zama dariya ba don leɓen ba. Ya gyara wuyan riga, ya haɗe fuska, ya juya. Kafin ya kai zaure muryar ta dawo da ƙarfinta.

"Ta ƙi, jama'a! Ko kunya babu! Ta ce in yi abin da zan yi!"

Aka ɗauki salati da ban haƙuri, hayaniyar ta yi gaba tana raguwa. Zuwaira ta san kafin kasuwa ta sake ci, daga Jangebe har Damaga za a san tsohuwar malamar da ta sace wa ɗan'uwanta rawani a cikin baro. Za a faɗa a gidan suna, za a faɗa a wurin awo, wani dattijo kuma zai tuna cewa mahaifinsa ya ga irin haka.

Ta jawo kujera kusa da amya, ta kara kunne a jikin katakon. Ƙugin ya kwanta, ya koma wani siririn amo mai ɗumi, irin na gidan da aka fara shara da jera kaya.

"Ɓarauniyar rawani," ta ce a hankali, tana gwada sunan a bakinta.

Ta ga ya zauna mata daidai.